Furfurar Inna

Tun da Inna ta warware har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, bari in zauna in ba da labarin jinyar da muka yi, ko Allah ya sa wani ya ji ya kiyaye. Masu tsohuwa a gida da biki a gaba, da ku nake.

Sunana Hajara, ɗinki nake yi a Hunkuyi, kuma na ba hamsin baya. Ni ce 'yar farin Inna, wanda ya san tsofaffinmu na karkara ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka kai ni gidan Gwaggo a Hunkuyi, can na girma, can aka yi mini aure. Inna tana Likoro, nan da nan ne a kan mashin, amma ba ta taɓa kiran sunana ba. In da wani take magana sai ta ce "ta Hunkuyi". In da ni take, sai ta kalli bango ta ce a miƙo mata buta. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta cire ɗankwali a gabana, hannunta bai taɓa hawa kaina da sunan kitso ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, ga jinin Fulani ta wajen uwa ya ƙara wa abin gishiri. Duk kaka sai ta aiko mini da daddawa da busasshiyar kuɓewa ta hannun wani, a ce mini wai ragowa ce. Autarmu Maryam kuwa, wadda ke aiki a Kaduna, har yau in ta zo a cinyar Inna take kwanciya.

Bara, bayan an cire masara, aka sa bikin Ummi, 'yar ƙanena Sani. Ƙawayen amarya suka zo daga Zariya da mai kwalliya da mai hoto, gida ya cika da ƙamshi da surutu. Inna tana da gashi, Allah ya ba ta, fari fat, mai tsawo, kullum yana leƙowa ta gefen kunne. Da aka yi hotunan gwaji sai Ummi ta fara wasan jika da kaka, wai furfurar tsohuwa tana ɓata mata hoto, wai mutane za su ce daga gidan tarihi aka aro ta. Aka yi ta dariya. Akwai ragowar dayis, baƙin nan da ake zana wa 'yan mata fulawa da shi a hannu, suka kwaɓa shi da kauri suka laɓta mata a kai, suka ɗaure da leda. Inna da ba ta iya ce wa jika a'a, ta zauna aka yi.

Ni a lokacin ina Hunkuyi, kaina a kan keken ɗinki, ina fama da anko. Da na iso ranar ɗaurin aure na hangi baƙi a gefen kunnenta, na ji mata suna ta cewa Inna ta koma 'yar arba'in. Tana sunkuyar da kai tana murmushi, wallahi ta ji daɗi, wa ke ƙin yabo? Da wane bakin zan tambaye ta? Ballantana ni kaina na daɗe ina rina furfurata duk wata da baƙin kwali, rinin gashin nan na kanti, ba wanda ya sani sai mai kitsona.

Satin farko, ashe tun daren kai amarya kan ya fara ƙaiƙayi. Ta riƙa zura tsinken tsintsiya ta ƙarƙashin ɗankwali tana sosawa, ba ta gaya wa kowa ba. Matar Sani suruka ce, ita ma ba a buɗe kai a gabanta. Kafin sati ya zagayo fuska ta kumbura, idanu suka shige ciki. Nan fa matan unguwa suka yi caa, kowa ta zama likita. Suka ce kambun baka ne, yabon da aka yi mata a biki ne ya kama ta. Wannan ta kawo turaren hayaƙi, waccan ta ce man shanu, wata ta ce a jiƙa toka a shafa. Duk a fuska suke shafawa, don ba wadda ta ga kan, Inna ta ninka ɗankwali biyu ta ƙulle tamau. Allah ya saka wa Malam na bayan masallaci da alheri, shi kaɗai da ya ba da rubutu ya ce a sha, a kuma kai ta asibiti. Aka sha rubutun, aka bar ɗaya rabin maganar.

A sati na biyu Sani ya kira ni a waya ya ce, Yaya ki zo, Inna tana zazzaɓi har tana sambatu. Na bar ɗinkin mutane na hau mashin. Tun daga bakin ƙofar ɗakin na ji wari, irin wanda ba turaren da ke rufe shi. Ɗankwalin ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa, ya manne da kai. Tana jin sallamata ta juya ta fuskanci bango, ta ce a fita.

Na fita, na zauna a kan turmi ina jin haushi kamar in fashe. Da yamma Auta ta iso daga Kaduna da jaka cike da mayuka masu tsada. Ita Inna ta yarda ta buɗe. Auta ta ɗaga gefen ɗankwalin kaɗan, ta leƙa, sai ga ta ta fito a guje ta durƙusa bakin rariya tana amai. Ta yi kuka ta ce ita dai ba za ta iya ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ban ga laifinta ba. To, na ɗan gani, amma kaɗan. Ga yadda lamarin ya tsaya mana: wadda Inna ta yarda ta gani ba ta iya kallo, wadda za ta iya kallo kuma Inna ba ta yarda ba, ciwo kuwa yana ta ci.

Washegari muka ɗauke ta ko tana so ko ba ta so. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa suka auna ta, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce Zariya. Zariya kuwa, Allah ya raba bawa da layin kati. Mun isa rana ba ta yi zafi ba, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Wannan taga ta tura ka waccan, waccan ta ce mai hatimi ya fita. Na yi faɗa da mai ba da kati har sai da Sani ya ja hijabina yana ba ni haƙuri. Inna tana kan benci ta lulluɓe har fuska, kowa ya zo wucewa sai ya toshe hanci, ita kuma tana jin su.

Likitan yaro ne, bai fi ɗana na biyu ba. Inna ta ce namiji ba zai ga kanta ba. Allah ya haɗa mu da wata nas 'yar kudancin Kaduna, babbar mace, kowa Sista yake ce mata. Ta kori Sani waje, ta ja labule, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Inna da Hausarta mai daɗi, ta tambayi gida da gona kamar ba ta da sauran aiki. Sannan ta kawo ruwan ɗumi ta riƙa jiƙa ɗankwalin a hankali har ya saki. Ina tsaye a bayan labule, ta 'yar kafa na gani. Ba zan kwatanta muku ba. Abin da zan ce kawai, a ranar na fara ganin kan mahaifiyata, kuma a haka na gan shi.

Da ƙyar Sista ta lallashe ta likita ya duba, ya ce jikinta ne bai karɓi baƙin ba, ya ƙone fatar kan, susa da datti suka sa ciwon ya ruɓe. Da aka auna jini kuma ya ce akwai suga, ya daɗe a jikinta ba a sani ba. Maganarsa ɗaya ta zauna mini: "Hajiya, ciwo ba ya warkewa a jikin da suga ya yi yawa. Da kun ƙara sati, da wani zancen ake yi." Ya ce dole a aske gashin duka. Sista ta sa almakashi, gashin nan da Inna ta shekara saba'in tana tattali ya riƙa zuba a cikin roba, bakinsa baƙi, gindinsa fari. Inna ba ta yi ƙara ba, hawaye ne kawai ke bin kumburarriyar fuskarta. Aka ba mu gado.

Sati na uku shi ne mai wuyar. A ɗakin mata mai zaman jinya ce ke yin komai, wanka da wanki da kai mara lafiya bayi. Auta ta koma wajen aiki, kuma in faɗi gaskiya ba ta gaza ba, kullum tana kan waya, in aka rubuta maganin da babu a ciki sai a waje, kafin in dawo daga kanti ta turo. Sani ya fitar da masararsa ya sayar a lokacin da take arha, bai ko ɗaga kai ya yi ƙorafi ba. Amma zaman gadon nawa ne. Inna ta ƙi cin abinci in ina wurin, ga shi an ce mai suga ba ta wasa da lokacin ci, sai in ajiye mata kwano in fita baranda in tsaya kamar wadda aka kora. Wanka kuwa ta ce ba ta buƙata. Masu dubiya su ma ba su rage mini aiki ba. Dangin babanmu na Makarfi suka zo da ɗaurin rake da mazarƙwaila, wai a ba mara lafiya ta ji daɗin bakinta. Mai suga fa! Na karɓa na yi godiya, na raba wa masu shara, Inna tana harara ta ta gefen ido, don duk duniya ba abin da take so kamar mazarƙwaila.

Wata safiya na je karɓo magani, na dawo na tarar da gado wayam. Wata tsohuwa 'yar Ikara da ke gadon kusa, mai karayar ƙafa, ta nuna mini hanyar bayi da baki. Na tura ƙofa na same ta a ƙasa. Ta lallaɓa ne ta yi wanka ita kaɗai kafin in dawo, jiri ya kwashe ta. Zani ya kwance, tana ƙoƙarin jawo shi da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta rufe kai da shi. Ko a hakan ce mini ta yi a fita.

Nan haƙurina ya ƙare. Na rufe ƙofa na sa sakata. Na ce, "Inna, ba inda za ni. Kunyar nan ta kusa kai ki kabari. In kika mutu ni za a kira in yi miki wanka, a ranar za ki hana ni?"

Ina rufe baki na fara tsoron abin da na faɗa. Can ta yi magana, kuma a karon farko ba da bango take ba.

"Ba kunyar kaɗai ba ce. Jikin ne ba abin kallo ba. Yaran nan gaskiya suka faɗa."

Kun ji fa. Wasan da aka yi aka yi dariya aka watse, ashe ya shige ta ya zauna. Na tara ruwa a bokiti, na zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, na janye zanin. Na kalle ta sosai, don ta ga ina kallo. Fata ta saki ta yi laushi kamar tsohon zanin atamfa da ya sha wanki. Nonon da ya shayar da mu ya kwanta. Gwiwoyi sun yi kanta saboda sallah, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda tulu da itace. Ciki duk zane ne, layi a kan layi. Na ɗora tafin hannuna a kai na ce, "Wannan ai ni na fara ɓata shi, kafin Sani, kafin Auta. In akwai mai ikon kallonsa, ni ce."

Ta ce, "Marar kunya." Sai ta ɗaga hannu don in cuɗa mata hammata.

Na yi mata wanka ina kuka, ita kuma tana ce mini ruwan ya yi zafi, soson ya yi kaushi, wa ya koya mini wanka haka. Na ce ta tambayi Gwaggo. Da muka fito tsohuwar Ikara ta ce to, yau an yi sallah a ɗakin nan. Ita dama ko riga ba ta damu da sawa ba in zafi ya yi, cewa take jikin da ya ga jiya ya ga yau ba ya ɓuya don yara. Daga ranar Inna ta fara ci a gabana, tana ci tana kushe tuwon alkamar da aka ce shi za ta riƙa ci.

A sati na huɗu kumburi ya saɓe, idanu suka fito, ciwon ya fara bushewa daga gefe. Kullum Sista ta zo wanke shi sai ta kira ni in tsaya in koya, har hannuna ya faɗa. Ranar wata Juma'a sai ga amarya Ummi da mijinta. Tun daga ƙofa take kuka. Na riga na shirya mata maganganu masu zafi, na yi sati uku ina wasa su, amma da na ga yadda ta zube a gaban gadon sai na faɗi rabi na haɗiye rabi. Inna ta ce ta tashi, ai ta gode, ta samu aski kyauta. Don a sami abin dariya Ummi ta ciro waya ta nuna mata hotunan biki. Inna ta kawo wayar kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa, sannan ta tambaya tsakaninta da Allah wace ce wannan ta kusa da amarya, dangin ango ce? Mai hoto ya bi fuskar ya goge, ba tamoji ko ɗaya, har zanen Fulanin da ke gefen bakinta ya share, ya ƙara mata fari. Duk azabar nan da aka sha domin hoto, ashe ita ba ta ma cikin hoton. Ummi ta kifa wayar a cinya ba ta sake ɗagowa ba.

Da aka sallame mu likita ya ce a riƙa wanke ciwon ana auna suga, sai muka ga Hunkuyi ta fi kusa da asibiti. Haka Inna ta kwana a gidan 'yar farinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Masu kawo mini ɗinki wasu sun jira ni, wasu sun kwashe kayansu sun kai wani wuri, Allah ya raka taki gona. Gashi ya fara tsirowa a wata na biyu, fari tas, sai dai bai kai na da cika ba, kuma saman kunnen hagu akwai wuri kamar tafin hannun jariri da likita ya ce ba zai sake fitowa ba. Auta ta aiko da hular gashi baƙa mai sheƙi. Inna ta juya ta, ta shinshina, ta ce a kai akurki, kaza mai kwanci za ta ji daɗinta.

Abin da zan roƙi jama'a kaɗan ne. Baƙin nan ba kowane jiki ke karɓarsa ba, kada a sa wa tsoho don biki. In tsohuwa ta ƙulle ɗankwali ta ƙi kwancewa, a nemi wadda take yarda da ita a duba, kada a tsaya shafa toka a fuska. A riƙa auna musu suga ko suna cewa lafiyarsu ƙalau. Ku kuma 'yan mata, wasa da kaka halal ne, amma ku san abin da kuke faɗa a kan jikinta, tana dariya ne kawai, tana ji. Godiyata ga Allah ba ta da iyaka. Sista, duk inda kike, Allah ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mana. Sani da Auta, Allah ya bar zumunci. Har mai katin da na zaga na yafe masa, shi ma ya yafe mini.

Saura abu ɗaya. Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida, ta zauna a tabarma ina shafa mata man kaɗanya a kai. Na sunkuya ɗauko murfi sai ɗankwalina ya zame. Tun da aka fara jinyar nan ban sake bi ta kan baƙin kwali ba, da farko ba lokaci, daga baya kuma ko ganin kwalin ba na son yi. Na kai hannu zan mayar sai ta riƙe ɗankwalin. Ta daɗe tana kallon kaina.

"Ke ma?"

Na ce ni ma, Inna.

"Tun yaushe?"

Na ce an fi shekara goma.

"Ban gani ba," in ji ta. Ta sake faɗa a hankali, "Ban gani ba."

Sai ta gyara zama, ta buɗe ƙafafu, ta buga tabarmar da ke gabanta da tafin hannu, ta ce a kawo mata tsinken kitso. Na kawo. Na zauna a inda na ga Auta tana zama shekara da shekaru, na jingina da gwiwoyinta masu kanta. Tsagar ta karkace, tana ja da zafi tana mita wai kaina taurin tsiya gare shi kamar na ubana. Ni dai na sunkuyar mata da kai, da na buɗe baki kuka zan yi, ga jikokina suna kallo.

Kitson bai yi kyau ba, guda shida ne, kowanne ya kama gabansa, fari da baƙi a cakuɗe. Da mai kitsona ta gani ta riƙe baki, ta ce in zo gobe da safe ta warware ta gyara mini.

Na ce ta bar shi, uwata ce ta yi.